Dawn of the Dead: na 1978 ko na 2004, wanne ya fi?

Sadiq_Kurna
Slm 'yan uwa. Ina da magana a kan Dawn of the Dead kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Na 2004 ɗin na daɗe da saninsa, tun lokacin da ake sayen faifai mai fina-finai da yawa a ciki, amma sai kwanan nan na samu na asalin wanda George Romero ya yi a 1978 na zauna na kalle shi har ƙarshe. Gsky ban ga abin da ake ta zuzutawa ba. Fuskar zombin, wato gawarwakin da ke tashi suna cizon mutane, ta yi shuɗi-shuɗi, jinin kuma kana gani ka san fenti ne, ga tafiyarsu a hankali yaro ma zai tsere musu, sannan fim ya wuce awa biyu, rabinsa duk yawo suke a cikin kanti. Ni a wajena na Zack Snyder ya fi shi nesa ba kusa ba. Masu cewa tsohon ya fi, dan Allah me kuka gani? Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, za a fasa ƙwai.

Lawwali_Gusau
Wlh ka faɗi abin da ke raina. Minti goman farko na sabon kaɗai ya isa. Mace ta dawo daga aikin asibiti ta kwanta lafiya, da asuba yarinyar maƙwabta ta shigo musu har ɗakin kwana ta ciji mijin a wuya, kafin ta gama neman agaji a waya mijin ya tashi ya yo kanta. Ta fita ta tagar banɗaki sai ta tarar unguwa gaba ɗaya ta kama da wuta. Tsohon ba shi da abu irin wannan.

BabanKhalifa
Sadiq ƙanina, wannan yawon cikin kantin da ya gundure ka ai shi ne fim ɗin. Bari in yi maka dalla-dalla.

Mutum huɗu ne kawai: Peter da Roger 'yan sandan kwantar da tarzoma, Stephen mai tuƙa jirgi mai saukar ungulu, da Fran mai aiki a gidan talabijin. Sun sauka a kan rufin mol, wato katafaren ginin kantuna, da niyyar su ɗebi guzuri su wuce, sai suka leƙa suka ga abin da ke ciki, abinci, sutura, bindigogi, har banki. Daga nan maganar tafiya ta mutu. Suka kawo manyan motoci suka toshe ƙofofi, suka kashe zombin da ke ciki suka zuba su a ɗakin sanyi, suka yi bangon ƙarya suka ɓoye hanyar da ke kaiwa maɓoyarsu. Wato sun ci nasara tun a tsakiyar fim. To sai me? Nan ne Romero ya zauna. Ka ga mutanen da suka mallaki duk abin da ɗan Amurka yake mafarkin saya, suna caca da kuɗin da ba su da sauran amfani, suna sa tufafi masu tsada ba mai gani, Stephen ya kawo zobe Fran ta ƙi karɓa saboda ta ga babu gaskiya a cikin rayuwar. Zombin da ke waje suna manne da gilashi suna son shiga saboda sabo, na ciki kuma sun kasa fita saboda kwaɗayi. Sabon fim ɗin ya ɗauki mol ɗin amma bai ɗauki wannan ba, a wurinsa mol gini ne mai ƙofofi masu ƙarfi kawai, da a makaranta ko barikin soja aka yi shi babu abin da zai canza.

Sadiq_Kurna
Baba na ji, amma fim ɗin tsoro aka ce. In ina son wa'azi a kan son duniya na san inda zan je. Ni ko sau ɗaya gabana bai faɗi ba.

Zee_Kaduna
Ni fa gabana ya faɗi a tsohon, amma ba irin na firgita ba. Wurin da aka ciji Roger suna aikin toshe ƙofa da motoci, saboda rawar kai da ganin ya iya, sai aka koma da shi ciki yana ta rama a hankali, ana tura shi a keken kaya, yana ce wa Peter zai yi ƙoƙari kar ya dawo. Sannan aka lulluɓe shi Peter ya zauna da bindiga yana jira, mayafin ya fara motsi. Wannan wurin ya daɗe a kaina. A sabon an yi makamancinsa da Frank, baban Nicole, kuma ɗan wasan ya yi ƙoƙari, amma mutumin da ka sani na minti biyar ba ɗaya yake da wanda kuka yi awa guda tare ba.

Mai_Kyamara
Maganar shuɗin fuska da jinin fenti, akwai dalili. Tom Savini ne ya yi kwalliyar, kuma launin toka ya zaɓa saboda fim ɗin Romero na farko, Night of the Living Dead na 1968, baƙi da fari ne. Da hasken fitilu ya haɗu da irin fim ɗin da suka ɗauka da shi sai tokar ta riƙa fita shuɗiya. Jinin kuma shi kansa Savini bai so shi ba, Romero ne ya ce a bar shi saboda ya dace da kamannin littafin zanen barkwanci da yake so. Kuma ku tuna yadda aka yi aikin, mol na gaske ne, Monroeville Mall kusa da Pittsburgh a jihar Pennsylvania, sai an rufe da dare su shiga, kafin safiya su goge komai su fita saboda masu shaguna za su buɗe. Da lokacin Kirsimeti ya zo dole suka dakata saboda kayan ado da aka rataya. Su kuma na 2004 an ba su mol da aka daina amfani da shi kusa da Toronto a Kanada suka gyara shi yadda suke so, ga kusan dala miliyan 26 a hannu, ga kamfanin Universal a bayansu. Duk wanda ya taɓa aiki a lokeshan na aro ya san bambancin.

Lawwali_Gusau
Ai mai kallo ba ruwansa da wahalar da aka sha, abin da ya gani a allo shi zai yi wa hukunci.

Mai_Kyamara
Haka ne Lawwali, ban ce a ba su maki don tausayi ba. Abin da nake nufi shi ne da ɗan abin hannunsu sun yi wuraren da har yau ake kwaikwayo, kamar zombin da ya hau kan akwatuna farfelar jirgi ta sare masa saman kai, ko kan da ya tarwatse a farkon fim lokacin da 'yan sanda suka afka gidan haya. Ba kwamfuta ko ɗaya a ciki. Savini ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, ya ga raunin gaske da idonsa.

Ummu_Hanan
Ni ta ɓangaren matan zan yi magana tunda ba wanda ya taɓo. Jarumar sabon fim, Ana, nas ce, kuma Sarah Polley ta yi wasan da kyau, ba ihu ba faɗuwa, ita ce ma ta fara lura cewa cizo ne ke kawo abin. Amma Fran ta fi burge ni saboda ita sai da ta ƙwaci matsayinta. Tana da ciki, maza uku suna zaune suna tattauna cikin nata a bayan idonta tana jin su, sai ta fito ta gindaya sharuɗɗa, ba za ta zama mai dafa musu abinci da share gida ba, duk shawara a yi da ita, kar a sake barinta ba bindiga, kuma a koya mata tuƙa jirgin ko da wani abu zai sami Stephen. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya cece su. Kuma ita kaɗai ce tun farko ta ce wurin nan kurkuku ne mu tafi, ba wanda ya saurare ta. A 1978 fa.

Hafsy
Anti Ummu gsky kin faɗa. Sabon kuma ya ba mu Nicole da ta ɗauki mota ta fita cikin dubban zombi saboda kare, alhali kowa ya gani da idonsa cewa zombin ba sa taɓa karen. Wannan wurin yana ba ni haushi duk sanda na kalla, mutane suka shiga haɗari saboda ita.

Sadiq_Kurna
Hafsy amma yarinyar babanta ya mutu a gabanta, duk danginta sun ƙare, karen nan kaɗai ya rage mata. Ni ban ga laifinta sosai ba. Kuma dama dole su je shagon bindigogin Andy saboda harsashi.

Dan_Damagaram
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan da Faransanci muka fara ganinsa, kuma sunansa Zombie kawai, sabon kuma L'Armée des morts. Abin da nake so in ƙara, tsohon fim ɗin ba kala ɗaya ba ne, don haka Sadiq sai ka faɗa muna wanda ka kalla. Dario Argento na Italiya ya taimaka da kuɗi, sai aka ba shi damar ya yanka nashi na Turai. Ya rage surutu da barkwanci, ya cika shi da kiɗan ƙungiyar Goblin, ya fi sauri ya fi zafi, bai kai awa biyu cikakku ba. Na Romero da aka nuna a Amurka minti 127 ne, akwai kuma wani mai tsawo kusan minti 139. In mai tsawon nan ka samu to dole ka ce ya yi jan jiki. A Italiya ma aka fara nuna shi a 1978, Amurka sai 1979.

Sadiq_Kurna
Mai minti 139 ne. To ko na Argento zan nema in gani.

BabanKhalifa
Ka nema, amma ka sani abin da Argento ya rage shi ne abin da nake yabo. Zai fi maka daɗi, ni kuma a wajena ya rage nauyi.

Abu_Sumayya
Ni tambayata daban ce. Ba wanda ya lura da abin da aka sa a farkon na 2004, wurin rubutun sunaye? Hoton farko da aka nuna musulmi ne a sahu suna sujada, daga nan sai tarzoma da jini da gawarwaki, ga waƙar Johnny Cash mai maganar tashin duniya a ƙasa. Me ya haɗa sallah da annobar zombi? Fim ɗin ya fito shekara biyu da rabi bayan harin 11 ga Satumba, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi. Ni tun daga wurin nan raina ya ɓaci da fim ɗin kuma har yau bai gyaru ba.

Zee_Kaduna
Na lura Malam, kuma ba kai kaɗai ba, ko a can masu sharhi sun yi magana a kai. Wasu suna cewa nufin shi ne duniya ta rikice kowa ya koma ga Allah, amma in haka ne me ya hana a fara da coci tunda a Amurka labarin yake? Sakan kaɗan ne amma an san abin da zai tayar a zuciyar ɗan Amurka a 2004.

Lawwali_Gusau
Ni ina ganin hotunan labarai ne kawai suka tattara daga ko'ina don a nuna abin ya game duniya. Amma na yarda da ba a sa ba da ya fi.

Abu_Sumayya
Mai haɗa fim ba ya sa hoto a farko da ka, Lawwali. Mai_Kyamara yana nan ya faɗa.

Mai_Kyamara
Gaskiyar Malam ce ta wannan fuskar, hoton farko zaɓarsa ake yi. Abin da ke zuciyarsu ne ba zan yi rantsuwa a kai ba. Amma kun ga wannan ma ya shiga cikin muhawarar tamu, kowane fim tsoron zamaninsa ya ɗauka. Na 1978 tsoronsa daga cikin gida yake, mu ne matsalar, son kayanmu da rashin jituwarmu, shi ya sa ya buɗe da gidan talabijin ana ta musu ana ihu, shugaban tasha ya dage a ci gaba da nuna sunayen sansanonin ceto da suka riga suka faɗi don kar masu kallo su canza tasha. Na 2004 tsoronsa daga waje yake zuwa, ka kwanta lafiya ka tashi an kawo hari, ba ka san daga ina ba, abokin gaba yana gudu ba ya jin magana.

Nura_Fagge
Ku dawo kan maganar gudu dan Allah, don ita ce asalin rigimar. Gawa ta yi gudu? Jiki ya mutu, jini ya tsaya, gaɓoɓi sun sandare, sannan a ce yana tsere da mota? Romero da kansa bai yarda da wannan ba, ya sha faɗa cewa gawa in ta yi gudu idon sawunta karyewa zai yi.

Hafsy
Yaya Nura to gawa ta yi tafiya ma ai ba ta yi. In ka yarda da ɗaya sai ka yarda da ɗayan.

Nura_Fagge
A'a Hafsy, kowane labari yana da dokarsa. Kuma ba maganar yiwuwa kaɗai nake ba, maganar irin tsoron ce. Zombi mai tafiya a hankali kamar ruwan ambaliya yake, kana ganinsa tun daga nesa yana tahowa, ka raina shi, ka ce bari in koma in ɗauko kaza, kafin ka ankara ya kai wuya. Duk wanda ya mutu a tsohon fim ɗin laifinsa ne ya kashe shi, Roger rawar kai, Stephen kwaɗayi, 'yan babur ɗin da suka fasa mol a ƙarshe wauta, har da wanda ya tsaya gwada hawan jini a na'ura zombi suna kewaye da shi. Mai gudu kuwa ba ya ba ka damar yin kuskure ma, ko kana da hankali ko ba ka da shi in ya fi ka sauri shikenan. Na farko yana sa ka tambayi kanka me zan yi, na biyu firgita ka kawai yake yi.

Sadiq_Kurna
To ai firgitar nake nema. Kuma ba Snyder ya fara ba, 28 Days Later ya riga shi a 2002.

Dan_Damagaram
Waɗancan ba matattu ba ne, masu rai ne da cuta ta haukata, shi ya sa gudunsu bai dami kowa ba. In matattu masu gudu ake nema tun 1985 an yi su a Return of the Living Dead. Amma akwai wani canji da ya fi gudun muhimmanci kuma ba a cika maganarsa ba. A wurin Romero duk wanda ya mutu zai tashi, ko cizo ko ba cizo, in dai ƙwaƙwalwa ba ta lalace ba. A na 2004 sai wanda aka ciza. Ku duba Norma, tsohuwar nan mai babbar mota, harbi ne ya kashe ta kuma ba ta tashi ba. Wato a sabon in ka kauce wa cizo ka tsira, akwai mu akwai su. A tsohon babu wannan, kowa yana ɗauke da abin, jira kawai ake.

BabanKhalifa
Madalla da Dan_Damagaram, wannan ita ce maganar.

Ummu_Hanan
Tunda an ambaci Norma, wurin haihuwar nan fa? Andre ya ɓoye cewa an ji wa matarsa Luda rauni, ya ɗaure ta a gado a shagon kayan jarirai har ta mutu ta tashi ta haihu a haka. Ni uwa ce, ban iya kallon wurin ba sai da na kau da kai, kuma ina ganin jaririn da aka nuna neman magana ne kawai. Amma halin Andre ɗin gaskiya ne, akwai mazan da za su yi haka, su rufe ido su ce iyalina ne ba mai taɓa su. Mun ga irinsa lokacin korona, mutum ya ɓoye mara lafiya a gida don kar a tafi da shi.

Zee_Kaduna
Korona ce ma ta sa na fahimci tsohon sosai. Kafin kullen 2020 ina ganin wurin zaman banzan nan ya yi tsawo, bayan an kulle mu a gida sai na gane abin da ake nufi, kwana ya zama ɗaya da jiya, kuna zaune da mutum kun rasa abin cewa, Fran ta kashe talabijin da ba ya nuna komai Stephen ya tashi ya sake kunnawa. Bambancin kawai su abinci ya yi musu yawa, mu a nan mutane da yawa neman na yau ne ya dame su.

Lawwali_Gusau
To kun ga wannan ne ya sa saƙon Romero bai cika shiga ta ba. Matsalar wanda ya ƙoshi ce. Ka ce wa mutumin da ke neman kuɗin awo wai mallakar kaya kurkuku ne? In aka rufe ni a mol cike da shinkafa da wutar lantarki ba ɗaukewa ai godiya zan yi wa Allah.

BabanKhalifa
Lawwali, ka je Ado Bayero Mall ranar sallah ka ga yadda ake cika, da yawa ba sayen komai za su yi ba, zagayawa kawai ake ana kallon kaya ta gilashi ana ɗaukar hoto. Ban ce laifi ba ne, nima ina kai yara. Amma abin da Romero ya hango kenan lokacin da mol yake sabon abu a Amurka, har a fim ɗin sai da ɗaya ya tambaya wane irin gini ne wannan da suka hango shi daga sama. Kuma ba sai ka ƙoshi kake kwaɗayi ba. Dubi ƙarshen, 'yan babur sun fasa ƙofa sun shigo, Peter ya ce a ɓuya a ƙyale su su ɗebi abin da za su ɗiba su tafi, kayan sun ishi kowa. Stephen ya kasa jurewa, wai namu ne mu muka ƙwace shi, ya buɗe wuta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Aka harbe shi, zombi suka same shi a lifta, da ya tashi kuma shi ya jagorance su har bangon ƙaryar nan saboda ƙafarsa ta san hanya. Wannan rubutu ne, komai yana da sanadi.

Sadiq_Kurna
Wurin Stephen da ya fito daga lifta yana jan ƙafa da bindiga rataye a yatsa, wannan kam na yarda ya yi kyau. Amma faɗan da 'yan babur suke manna wa zombi kek a fuska fa? Ana tsakiyar tashin hankali sai a koma wasan yara.

Nura_Fagge
Da gangan ne. Ana nuna maka masu ran sun fi matattun rashin imani, har tausayin zombin za ka ji a wurin.

Hafsy
Ni dai abin da sabon ya fi shi a wajena shi ne Andy. Mutum shi kaɗai a kan rufin shagon bindigoginsa, tsallaken fili cike da zombi, shi da Kenneth ɗan sanda suna magana da allo da madubin hangen nesa, suna wasan dara daga nesa, abota ta ƙullu ba su taɓa gaisawa hannu da hannu ba. Yunwa ta fara cinsa suna gani ba yadda za su yi. Da ya ɗaga allon a ƙarshe babu rubutu sai jini, wlh na ji abin. Wannan babu shi a tsohon, James Gunn ne ya rubuta labarin kuma a nan ya nuna ya iya. Sai CJ, mai gadin nan da ya fara a matsayin mugu yana kulle mutane, a ƙarshe shi ya tsaya ya tayar da tukunyar gas don sauran su kai ga jirgin ruwa.

Mai_Kyamara
Kuma wannan shi ne fim ɗin Snyder na farko, daga tallace-tallace ya fito, ya kawo sama da dala miliyan 100. Nasararsa tana cikin abin da ya sa aka ba Romero kuɗin yin Land of the Dead a 2005. Ni abin da nake yaba musu shi ne ba wankiya suka yi ba, ba su ɗauki Peter da Fran sun canza musu fuska ba, suna da mol kawai suka ara suka gina nasu. Sun kuma girmama na gaba, Savini ya fito a shugaban 'yan sanda a talabijin, Scott Reiniger mai wasan Roger ya fito a janar na soja, Ken Foree mai wasan Peter ya fito a mai wa'azi ya maimaita maganarsa ta tsohon fim cewa in wuta ta cika matattu za su yi yawo a doron ƙasa, har wani shago aka sa wa sunan Gaylen Ross mai wasan Fran.

Abu_Sumayya
Ko a wannan maimaicin akwai bambanci. A tsohon Peter yana faɗin abin da kakansa yake faɗa ne, cikin sanyin murya, shi ma bai san amsa ba. A sabon an mayar da ita bakin mai wa'azin da ke ɗora wa mutane laifi. Ni dai shawarata duka biyun kar a kalla da yara, kuma mutum ya san tatsuniya yake kallo, tashin matattu na gaskiya yana nan yadda aka faɗa mana.

Ummu_Hanan
Wannan haka yake Malam. Tsohon ma kar a raina shi, ƙarshensa akwai fitar da hanji a fili, shi ya sa a Amurka aka sake shi ba tare da tambarin hukumar tantancewa ba.

Dan_Damagaram
Wani abu game da Peter. Romero ya sa baƙar fata a gaba tun 1968, Duane Jones, kuma a can ya kwana yana faɗa ya tsira daga zombi da safe masu farauta suka harbe shi. A 1978 saura kaɗan a maimaita, don a rubutun farko Peter da Fran kashe kansu za su yi, daga baya aka canza. Shi ya sa za ka ga Peter ya sa bindiga a kai sannan ya fasa ya fita da faɗa har rufi. Suka tashi da man da bai da yawa, ba a ce sun tsira ba, ba a ce sun mutu ba.

Lawwali_Gusau
Na sabon ma ai haka ne, ɗayansu Michael ya tsaya a gaɓa saboda an cije shi, sauran suka tafi a jirgin ruwa.

Zee_Kaduna
Lawwali ka kalli rubutun ƙarshe kuwa? Akwai hotunan kyamarar hannu a tsakanin sunayen, abinci ya ƙare, inji ya kama wuta, suka isa tsibiri, kare ya fita da gudu yana haushi, sai ga zombi sun yo kansu kyamara ta faɗi. Ni a wajena sun mutu.

Lawwali_Gusau
Na kalla. Kyamara ce ta faɗi, ba a nuna gawar kowa ba, kuma jirgin yana bayansu taku kaɗan, Kenneth na riƙe da bindiga.

Zee_Kaduna
Jirgin da ba mai ba inji? Da masu gudun nan? Haba Lawwali.

Hafsy
Ko sun koma jirgin ma ai ba abinci. Amma ruwan tafkin Michigan na sha ne ba na gishiri ba, in sun iya kamun kifi za su ɗan ja kwana. Ni Ana kawai nake so a ce ta fita.